Aikin Dare a Gidan Wuta

Ƙarfe biyu saura na dare.
Ma'aunin bakin ƙofa ya ce talatin da ɗaya ƙasa da sifili.
Ni, Veikko, ina nan inda nake tsayawa shekara ashirin da shida,
ina kallon bel yana hawa da baƙar ƙasa
kamar harshen saniya a kan gishiri.

Turve muke ce mata a nan arewacin Finlan.
Ƙasa ce, amma tana cin wuta.
Gansakuka ce da ta mutu ta ƙi ruɓewa,
ta kwanta bisa 'yar'uwarta cikin ruwan fadama,
kaurin farce a shekara,
kaurin farce a shekara,
tun kafin a raɗa wa kogin nan suna.

Da bazara mu kankare ta, mu shanya, mu tara tsibi.
Da hunturu tirela ta kawo, tanderu ya haɗiye,
ruwa ya tafasa, tururi ya mari farfela,
fitilu su kama daga nan har tashar jirgi.
Ragowar zafin ba a zubarwa.
Bututu ke ɗauke da shi ta ƙarƙashin titi
zuwa asibiti, zuwa gidan tsofaffi,
zuwa ɗakin da Aune ke barci da safa ɗaya,
ɗayar na bushewa a kan ƙarfen ɗumama ɗaki.

Biyu da kwata, bel ya yi tari, ya tsaya.
Tauno ya ɗura ashar ta oba-oba.
Na sauka da tocila da shebur,
na zata ƙanƙara ce ta shaƙe mazurari.

Ashe guntun katako ne.
Kamu biyu, baƙi kamar hanta,
goshinsa a lanƙwashe, da huda a gefe
inda wani ya taɓa zura igiya ya ɗaure ƙafa
don ya yi sulu bisa dusar ƙanƙara.
Ga sawun wuƙarsa nan, bai goge ba.
Wani ya ji irin wannan sanyin,
yana sauri gida,
ban san ko ya isa ba.

"Minti goma, Veikko, ko gari ya fara hucewa!"
Na cusa shi cikin riga,
sanyinsa ya ciji haƙarƙarina.
Na danna maɓalli. Bel ya ci gaba da lasa.

'Yata Helmi tana toshe lambatu.
Aikinta ke nan, ana biyanta.
Lambatun da kakanta Urho ya haƙa da hannu
don fadama ta tsane,
ita ke cike su don ruwa ya dawo,
don tsuntsaye masu dogon wuya su sake sauka.
Ranar Lahadi, a kan miyar kifi, ta ce,
"Baba, dare ɗaya kake ƙone shekara dubu."
Na ce, "Da hasken nan kika yi karatun da kika san haka."
Gaskiya biyu a faranti ɗaya,
babu wanda ya kai hannu.
Aune ta ce a miƙo mata gishiri.

An ce sauran hunturu biyu a daina.
An liƙa takardar kusa da butar gahawa,
wani ya zana mata gashin baki.

Ƙarfe shida na tashi. Rana sai wajen goma, in ta ga dama.
Hayaƙinmu na tsaye kyam a sama, ya rasa iskar da zai bi.
A gida na kwantar da katakon bisa teburi,
na buga wa Helmi, na faɗa mata abin da na tsinta.
Ta yi shiru har na zata waya ta yanke.
"Kar ka bari ya bushe," ta ce. "Zai tsage.
Jiƙa tawul. Gani nan."

Na jiƙa tawul, na lulluɓe shi kamar jariri.
Sai na tuna, na janye teburin
nesa da ƙarfen ɗumama ɗaki,
wanda ke ta huci a jikin bango
da wutar da na kwana ina ciyarwa.